Yaro ya ce sai siririyar laftof ta gem: mu saya ko mu dakata?



Tun da aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, iyaye da dama sun tare mu da magana iri ɗaya, wasu bayan sallar Juma'a, wasu ta waya. Yaro ya samu Yabatech ko LASU ko Unilag, ya dawo gida ya ce karatunsa ba zai yiwu ba sai da laftof, kuma ba kowace iri ba, sai ta gem, siririya, mai fitila a ƙarƙashin madannai. Ya turo hotonta ta WhatsApp, a ƙasa an rubuta miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Uban kuwa, wanda ƙila tumatir yake saukewa a Mile 12 ko kanti gare shi a Agege, ya rasa ta cewa. In ya hana, yana tsoron ya tauye yaro. In ya saya, jari ya girgiza. Shi ya sa muka zauna da matasanmu masu gyaran kwamfuta a Computer Village ta Ikeja, muka yi musu tambayoyi, muka kuma ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu a nan kowa ya gani.

A fara da kuɗin, don shi ne ke hana barci. Irin waɗannan kwamfutoci matsakaita, wato su MSI Thin, Acer Nitro V 15, HP Victus, Lenovo LOQ da ASUS TUF, a Amurka yawanci tsakanin dala 700 ne zuwa 1,100. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Farkon 2024 ta haura 1,500. Kayan bai canza ba, kuɗinmu ne ya zube. Mafi ƙarancin albashi na tarayya naira 70,000 ne tun Yulin 2024, na jihar Legas 85,000. Ke nan wannan hoton da yaro ya turo albashin wata goma sha huɗu ne na ƙaramin ma'aikaci a Legas, bai ci ba bai sha ba. Abin da ya kai haka ba a saye shi don yaro ya ga abokinsa da irinsa.

Amma mu ba yaran haƙƙinsu, ba duka maganarsu ce yaudara ba. Abin da ya raba laftof ta gem da ta ofis shi ne katin hoto na daban da ke cikinta, wanda masu shago ke kira girafik, yawanci na kamfanin Nvidia: RTX 3050, 4050, 4060. An yi shi don gem, amma shi ne kuma ke ɗaukar nauyin manhajojin zane irin su Revit, SolidWorks da Blender, da na haɗa bidiyo irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve. Ɗalibin zanen gine-gine ko injiniya da zai fitar da gida sukutum a allo yana juya shi, ko matashin da ke haɗa bidiyon biki yana karɓar kuɗi, in ka ba shi kwamfutar ofis zai kwana yana jiran aikin da wannan za ta gama kafin ya sha shayi. Kwamfutocin da aka yi musamman don irin wannan aiki sun fi ta tsada nesa ba kusa ba. Don haka ga mai wannan buƙata, ta gem matsakaiciya ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi.

Sirantar ma ba ado ba ne kawai. Waɗanda suka san na da za su tuna laftof ta gem kan kai kilo uku, ga caja kamar bulo. Tun 2017 da Nvidia ta fito da tsarin da ta kira Max-Q aka fara matse su, har ASUS ta fito da Zephyrus G14 a 2020 mai nauyin ƙasa da kilo biyu. MSI GF63 ma ba ta kai kilo biyu ba. Wanda ke tasowa daga Ikorodu zuwa Yaba kullum, a tsaye cikin BRT ko a matse cikin danfo, ya san bambancin kilo ɗaya a kafaɗa. Kuma jakar da ba ta kumbura ba, ba ta cika jan idon ɓarawo ba.

To ina matsalar take? Tana inda takardar da aka manna a jikin kwamfutar ba ta faɗa.

Mai shago zai ce maka "RTX 4050 ce, Alhaji," yaro ya gyaɗa kai, kai ma ka gyaɗa. Abin da ba a gaya maka ba shi ne wutar da aka yarda katin ya ja. Nvidia ta bar wa masu ƙera kwamfuta zaɓi: RTX 4050 ko 4060 ta laftof za a iya ɗaure ta a wat 35, za a iya sake ta har wat 115. Suna ɗaya, ƙarfi daban. A siraran nan masu sauƙin kuɗi, irin MSI Thin GF63 da Cyborg 15, wat 45 aka ba ta, alhali a Lenovo LOQ mai ɗan kauri katin nan dai yana samun ninki biyu na haka. Kamar mota biyu ce masu inji iri ɗaya, an sa wa ɗaya dutse a ƙarƙashin totur. Ba mugunta ba ce, dole ce: jiki siriri ba shi da wurin manyan fankoki da bututun tagulla masu fitar da zafi, sai a rage wutar don kada ta dahu. Amma kai da ka biya kuɗin suna, ya kamata ka san rabin ƙarfi ka ɗauko. Har yakan faru katin da ke ƙasa a lamba, in an sake masa wuta, ya kamo na sama da shi da aka ɗaure. Wannan lamba ta wat tana nan a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ana rubuta TGP kusa da ita. A sa yaron ya nemo ta kafin a yi maganar ciniki. In ya iya nemo farashi, zai iya nemo wannan.

Sai zafi, wanda a wurinmu shi ne babba. Bidiyoyin da yaranmu ke kallo a YouTube ana yaba waɗannan kwamfutoci, yawanci a ɗaki mai sanyi aka gwada su, a Turai ko Amurka. Mu kuwa ɗaki ɗaya ne a Idi-Araba, rana ta haura digiri 30, ga gumi, fanka ba wuta. Firosesar irin waɗannan kan kai digiri 90 zuwa 95 in aiki ya yi nauyi, kuma da ta kai iyakarta sai ta rage wa kanta gudu. Abin da ke sa ka ga ta fara aiki kamar walƙiya, bayan minti ashirin ta koma tafiyar hawainiya, fanka na ihu har maƙwabci ya ji. Ƙara da ɗabi'ar yaranmu ta ɗora ta a kan katifa, alhali ta ƙasa take shaƙar iska. In aka tafi gida hutu lokacin hunturu, ƙurar Kano ko Sakkwato ta shige ta ta toshe ƙananan ramukan nan, sai a dawo da ita tana zafi fiye da yadda ta tafi. Mai kauri ma tana shan wannan wahala, sai dai tana da sararin jurewa. Siririya ba ta da shi.

Maganar wuta kuma mutane kan fahimce ta a baibai. Ba kuɗin wutar ne abin tsoro ba. Ko tana jan wat 150 na awa shida, bai kai yunit ɗaya ba, wato wajen naira 200 ko a layin Band A da aka tsauwala wa kuɗi tun Afrilun 2024. Abin tsoron shi ne ranar da babu wutar. Laftof ta gem ba ta ba da cikakken ƙarfinta sai tana jone da caja. Da an ɗauke wuta ta koma kan batir, sai ta rage ƙarfi da kanta, kuma duk da haka batirin GF63, wanda bai wuce ya ba da wat 52 na awa ɗaya ba, ba zai kai ka ko'ina ba in aikin mai nauyi ne. Cajarta daga wat 120 take farawa, wasu har 240, alhali ta ofis 45 ko 65 ce. Ƙaramar sola da ke riƙe fitila da cajin waya ba za ta ji daɗinta ba. Ke nan wanda ya saya wa yaro wannan ya kuma ɗauki alkawarin man janareta, ko bai sani ba.

Akwai wani ɗan uwa, ba za mu kama suna ba, da ya kwashe adashinsa ya saya wa ɗansa ta hannu, 'yar tokumbo, siririya mai kyan gani. Wata bakwai ta yi, allon ya fara zane-zane, daga nan ta daina kawo hoto. Aka kai wani shago, mai gyaran ya buɗe ya ce girafik ne ya tafi. Uban ya ce to a canza shi. Nan aka gaya masa ba a canzawa: a laftof liƙe yake da babban allon ciki, shi da firosesa, sai dai a sayi allon gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa ya doshi rabin abin da aka saye ta. Tana nan a kwali har yau. Wannan liƙewa ta shafi kusan kowace laftof, amma a sirara abin ya fi yawa, don har RAM ake liƙewa. Zephyrus G14 ta 2024, alal misali, ba a iya ƙara mata RAM ko kaɗan, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Wasu na ASUS ROG kuma ba man shafawa na yau da kullum ke kan firosesarsu ba, wani ruwan ƙarfe ne mai ɗaukar wuta, wanda in ɗan koyo ya buɗe ya bari ya ɗiga a kan allon, shi ke nan. Ba kowane mai sukundireba ake miƙa wa irin wannan ba.

Masu zane su kula da allo. Ana tallata 144Hz, wato saurin motsin hoto, wanda ɗan gem ke so. Amma allon da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗin nan ba ya nuna cikakken launi, a takardarsu za ka ga an rubuta 45% NTSC. Mai zana katin biki zai zaɓi ja a allo, a buga a Shomolu ya fito wani abu daban, ya yi ta rigima da mai inji alhali laifin allonsa ne. A cikin na hannu kuma, G14 ta 2020 da ta 2021 da TUF Dash F15 ta 2021 ba su da kyamara sam, ga kuma darussa da intabiyu na aiki da suka koma ta intanet.

Ra'ayinmu dai shi ne, yawancin yaran da ke neman wannan kwamfuta ba ita suke buƙata ba. Mai karanta lissafin kuɗi, shari'a, aikin jarida, kimiyyar siyasa, har da mai koyon rubuta manhaja a shirin 3MTT, ThinkPad ko Latitude ko EliteBook ta hannu mai lafiya ta ishe shi, da kaso kaɗan na wancan kuɗi, ga batir mai daɗewa, ga kayan gyara a ko'ina. Sai dai a tabbatar firosesarta Intel ce zubi na takwas ko sama, don Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar na ƙasa da haka a hukumance. In kuwa gaskiyar maganar ƙwallon FC ce da GTA, to a faɗe ta a fili. Mu ba mu ɗauki gem a matsayin laifi ba, mu ma mun ɓata lokacinmu a gidan kallon ƙwallo da teburin sunuka. Amma kada a sa masa rigar karatu a karɓi jarin uba. Wanda ke son gem, PS4 ta hannu tana nan, ya tara kuɗinsa ya saya.

Wani matashi ya ƙalubalance mu a kan wannan, ya ce ai yaron da ya fara da gem shi ne gobe ke koyon Blender, kuma kayan aiki ke jawo sana'a. Akwai gaskiya a ciki, mun ga waɗanda hakan ta faru da su. Amsarmu ita ce a bar sana'ar ta fara nuna kanta. Yaron da ya riga ya haɗa bidiyo goma a waya ko a kwamfutar aro, aka biya shi ko sau ɗaya, ya ba da hujja. Wanda bai taɓa buɗe manhajar ba, miliyan ba za ta buɗe masa ita ba.

Ga wanda karatunsa ko sana'arsa ta wajabta, shawararmu a haƙura da ɗan kauri. Ƙarin rabin kilo a jaka ya fi sauƙi a kan rabin ƙarfi da zafin da ke cin kwamfuta a hankali. A nemi mai RAM gig 16, ko aƙalla mai gurbin ƙarawa, katin hoton kuma kada ya gaza gig 6, don tsohuwar RTX 3050 mai gig 4 ta fara gajiya da manhajojin yanzu. Siririya ta gaske mai sanyaya mai kyau akwai ta, amma ta bar sahun matsakaita, kuɗinta wani ne. A ware wani abu cikin kuɗin don abin kare ta daga hawa da saukar wuta, da ɗan abin ɗaga ta daga kan tebur, da kuɗin share ƙura bayan kowane hunturu.

Ranar saye kuma kada Alhaji ya tafi shi kaɗai, kada kuma a tura yaro shi kaɗai. A tafi da wanda ya san kan abin. A jona ta, a kunna mata gem ko aiki mai nauyi na rabin awa a nan cikin shagon, a saurari fanka, a taɓa saman madannai, a ga ko hoto na tsinkewa. A duba lafiyar batir, Windows na da rahoton da ke nuna abin da ya rage masa. A karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti a rubuce, ba "ka dawo in ta yi wani abu" ba. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin gwajin rabin awa, a yi masa godiya a shiga na gaba.