A Biya Mai Gona Kafin A Kafa Turken Gandu

Ya ku 'yan'uwa na rassan Maraɗi da Damagaram da Tawa, idan maganar keɓe fili domin itatuwa ta taso a ma'aikatar magajin gari, mu muna bayanta. Garin da ba shi da inuwa, ƙura da rairayi ke mulkinsa. Amma kafin kowa ya ce ya yarda, mu dubi abin da ya sami Yamai.

A 1965, zamanin Diori Hamani, aka soma dasa ɗamarar itatuwa a bayan birnin. An tsara tsawonta kilomita 25, faɗinta kilomita 1, watau hekta 2,500, yawanci dogon yaro. Aiki ne mai kyau, ba mu musu. To, amma filin nan ba daga sama ya faɗo ba. Gonakin gado ne na mutane, kuma ba a kashe maganar diyyarsu ba. Da birni ya kumbura, kuɗin fili ya hau, sai magada suka ce ƙasar kakanninsu ce, suka shiga sayarwa. Masu yanka filaye suka zo da takardu da hatimi. Mai kuɗi ya yi gini, talakan da ya rasa wurin kwana ya kafa bukka, wani gefen kuma ya zama juji. Itacen da aka yi shekaru ana reno, gatari ya gama da shi da hantsi ɗaya.

Cutar tsohuwa ce. Dokar Nasara ta 4 ga Yuli 1935 ta ce dajin da ba shi da mai shi na gwamnati ne. Wane daji ne ba shi da mai shi a ƙasar nan? Saurar da manomi ya bari ta huta? Makiyayar Fulani da Buzaye? Dokar daji ta 1974 kuwa, wadda 'ya'yan ƙasa suka rubuta da hannunsu, da kunya muke faɗi, sawun ta Nasara ta bi. Gawo na tsakiyar gonarka, ka sare reshe, ka sha tara. Sai manomi ya yi dabara: tun itace na tsiro ya tumɓuke shi, kada ya girma ya jawo masa mai kaki.

Ku gwada wannan da abin da ya biyo bayan yunwar 1984. Manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture wajen sassabe, suna gyara shi, don sun soma ganin itacen nasu ne. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba shinge, ba mai gadi.

Saboda haka ga abin da muke nema ga duk mai riƙe da ma'aikatar magajin gari. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ta ba garuruwa ikon mallakar gandunsu, dokar karkara ta 1993 kuma ta kafa kwamitocin ƙasa da muke ce ma Kofo. A yi aiki da su. A auna fili da rana tsaka, gaban mai gari da masu gonaki da maƙwabtansu. A biya diyya, ko a ba da wata gona, kafin a kafa turke ko ɗaya. A rubuta iyaka a Kofo, a karanta ta da Hausa ranar kasuwa, don kada gobe wani ya fito da takarda ta biyu. A bar burtali a buɗe. Matan da ke tsintar itace kuma a zauna da su tun farko, gama su ne za su shiga gandun kullum safiya.

Kowane reshe ya tura mutum 2 su tambayo ko akwai filin da aka riga aka keɓe a garinsu, wa aka karɓe ma, an biya shi ko ba a biya ba. Ku kawo amsa a taro mai zuwa.