Bidiyon "Sirrin Nasara" Ba Zai Rubuta Mana Littafi Ba



Wata cuta ta shigo mana, kuma mu muka buɗe mata ƙofa. Mukan ƙona data a TikTok da YouTube muna kallon wani mai kwat, tsaye gaban mota mai tsada, yana lissafa mana matakai bakwai na nasara. Mu gama kallo jikinmu ya yi ƙarfi, kamar mun yi wani aiki. Gari ya waye, shafin da muka bari jiya yana nan fari fat.

Me suke sayar mana? Robin Sharma ya fitar da The 5 AM Club a 2018, aka yi ta yayata tashin asuba kamar sabon ilimi. Mu da ladanin unguwa ke tayarwa tun muna yara, me aka ƙara mana?

Abin da ya fi muni shi ne darasinsu na farin cikin zuci: manta da abin da ya wuce, rabu da duk mai kawo maka damuwa, talaucinka daga tunaninka yake. Wannan guba ce ga marubuci. Goggon da aka saka da goyo, ƙanen da ya gama digiri yana jan adaidaita sahu, su ake so mu kawar da kai daga gare su, alhali a wurinsu labari yake. Wanda ya yarda cewa talaka shi ya ja wa kansa, ba zai taɓa rubuta talaka da adalci ba.

Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta, aka yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya. Ba ta binne wannan ciwo ba. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta, kuma a 2012 aka fassara shi zuwa Ingilishi. Da ta bi shawarar masu bidiyo, da ba mu san Rabi ba.

Wani zai ce ai suna ƙarfafa gwiwa. To, gwiwar da sai an yi mata allura kullum safe, ina za ta kai mu? Mai bidiyon kallonmu ne abincinsa. Ranar da muka warke, kasuwarsa ta mutu.

Aikin wannan mako: mu ajiye waya, kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan mutumin gidansu da labarinsa ya fi yi masa nauyi a zuciya. Mu sakaya suna, mu kawo nan ranar Juma'a.