A Yi Wa Likitocin Karkara Gata

Zuwa ga Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga Gwamnatin Jihar Kano.

A ƙa'idar Amurka, baƙo mai ilimi ba ya samun takardar zama ta hanyar aiki sai wani kamfani ya tsaya masa. Amma in aikinsa zai amfani ƙasar, ana iya ɗauke masa wannan sharaɗi. A 1999 ma har doka suka yi: likitan da ya yi shekara 5 a yankin da ake ƙarancin likitoci, a ba shi damar zaman dindindin.

To jama'a, masu arziki ma suna zawarcin likita don ƙauyukansu, balle mu? A ƙauyukanmu na Ɗambatta, Bichi da Tsanyawa, in naƙuda ta tsananta da dare, sai an sayar da akuya ko buhun gero kafin a sami kuɗin mota. Wata sai ta cika a hanya.

Shawarata ita ce, likitan da ya yi shekara 5 a karkara a ba shi gida, ƙarin albashi da gurbin ƙaro ilimi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah Ya sa a ji, amin.

Naka,
Wani manomi daga Ɗambatta.