TAMOWA BA MAITA BA CE: NASIHA GA IYAYE KAN AMANAR CIYARWA



Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinSa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kwanakin baya wata baiwar Allah daga cikin ɗalibaina na ajin matan aure ta zo mini da ɗanta mai shekara biyu, ta ce, "Malam, a taimaka mana da tofi, an ce mayu ne suka kama shi." Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja yana zubewa, ko kuka ba ya iyawa da ƙarfi. Na yi masa addu'a, sannan na ce ta wuce asibiti a ranar. Da aka duba, ashe tamowa ce.

Ya 'yan uwana, tamowa cuta ce da ke kama jiki idan ya rasa abinci mai gina shi, kuma kama biyu take zuwa da ita. Wani yaron ramewa yake yi har haƙarƙarinsa su bayyana, fuskarsa ta koma ta tsoho. Wani kuwa kumbura yake yi, har a ɗauka ƙiba ce, alhali ruwa ne. Idan ka danna bayan ƙafarsa da yatsa sai wurin ya lotsa. Wannan ta biyun likitoci na kiran ta kwashiyoko, sunan da likita Cicely Williams ta ɗauko daga yaren Ga na ƙasar Ghana a 1935, ma'ana ciwon da yaro ke yi idan aka yi masa ƙane. Mu ma ai mun san abin da kwanika ke jawo wa yaron da aka yaye babu shiri.

Illarta ba ta tsaya ga rama ba. Tana karya garkuwar jiki, sai gudawa ko ƙyanda ko ciwon huhu su yi saurin kashe yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 na da alaƙa da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda ya tsira kuma, idan abin ya same shi a kwana 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, yana iya tsumburewa, ƙwaƙwalwarsa ta yi rauni. Gobe mu ne za mu ce ya kasa hadda, har mu ɗaga masa bulala!

Alhamdu lillahi, maganinta sananne ne. A asibiti ana auna damtsen yaro da tsinken awo mai launi. Idan bai kai santimita 11.5 ba, tamowar ta tsananta. Mai iya cin abinci ana ba shi haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari, irin su Plumpy'Nut, wanda aka ceci dubban yara da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Wanda ya kasa ci ko ya kumbura sosai, kwantar da shi ake yi, a fara masa da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, domin ɗura masa abinci lokaci guda na iya halaka shi. Wannan haɗin magani ne. Mai sayar da shi a kasuwa ya ci amanar yaron da aka ba don shi.

Rigakafi kuwa a gidajenmu yake. A ba jariri dakashi, kada a zubar. A ba shi nono zalla wata 6, sannan a haɗa masa da kunu mai gyaɗa ko waken suya, da wake, zogale, kifi da ƙwai. Cewa ƙwai na sa yaro sata camfi ne marar tushe. Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, kuma a ayar nan aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa. To, ina matsayin maigidan da ke tsayawa wurin mai tsire da mai shayi kullum dare, iyalinsa kuwa sai kunu tsura? Talauci uzuri ne ga wanda ba shi da shi. Mai hali kuma Suratul Ma'un ta ishe shi gargaɗi game da maƙwabcinsa.

Addu'a gaskiya ce, neman magani kuma umarnin Manzon Allah (SAW) ne, ɗaya ba ya kore ɗaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke amana. Wallahu a'alam.