Sabon Birni da Isa: ɓarnar rikici da ba za a ga sakamakonta ba sai nan da shekaru masu yawa

Duk lokacin da ake lissafin abin da 'yan bindiga suka jawo wa Sabon Birni da Isa, gawa ake ƙirgawa, da kuɗin fansa, da ƙauyukan da mutanensu suka tsallaka zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Ana tuna matafiyan da aka ƙona cikin mota a watan Disambar 2021, da kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a watan Agustan 2024. Sai dai akwai wata asarar da ke ɓoye cikin buhun gyaɗa da masara, wadda ke shafar wata ƙwayar gado mai suna TP53.

Jikin ɗan Adam na sabunta kansa ne ta hanyar rabuwar ƙwayoyinsa gida biyu. TP53 ce birkin wannan aiki. Tana samar da sinadarin p53, wanda aka gano a 1979. Idan saƙon gadon da ke cikin ƙwaya ya samu tangarɗa, p53 na tsayar da rabuwar har a gyara. Idan ba ta gyaruwa, sai ya sa ƙwayar ta mutu. A kusan rabin cututtukan kansa da ke kama mutane, ana samun wannan birki a lalace.

A 1991, masu binciken kansar hanta a Qidong ta ƙasar Sin da kudancin Afirka suka ga TP53 ta lalace a gurbi guda, na 249, a jikin majinyata da dama. Mai laifin shi ne aflatoxin, dafin da fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Daga baya aka ga tabon nan a jinin majinyata a Gambiya. Idan dafin ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin kansa na ninkuwa sau da yawa.

A nan ne labarin ya iso ƙasar Gobir. Manomin da sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa ba ya da sukunin barin gyaɗa ta sha rana. Cikin gaggawa yake kwashewa ya ɗura a buhu, don ko rumbu ba shi da tabbas. Mai jin yunwa kuma ba ya tsince ruɓaɓɓiya ya zubar. Takan ƙare a ƙuli-ƙuli ko kunun yara, alhali girki ba ya kashe dafin.

Ɗaya ƙofar ita ce rigakafi. Tun 2004 Najeriya ta saka allurar ciwon hanta nau'in B cikin rigakafin yara, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Matar da ta haihu tana gudun hijira, ina za ta samu ma'aikacin lafiya a wannan wa'adi? Jaririn da ya kamu da cutar a wannan lokaci, yawanci da ita yake girma.

Maganin abin ba gagara-badau ba ne. Da mutanen Qidong suka rage cin masara suka koma shinkafa daga shekarun 1980, mace-macen kansar hanta sun ragu sosai. A nan gida, cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni kaɗan kafin shuka ta yi fure. Amma fa sai manomi ya iya zuwa gonar.

Rabon buhunan abinci gaban kyamara ya fi armashi ga 'yan siyasa, na sani. Duk da haka, gwamnatin Sakkwato na iya haɗa tallafinta da tamfol na shanya, da gwajin hatsin da take rabawa, da masu rigakafi a duk inda 'yan gudun hijira suka taru. Kansar hanta ba ta cika nuna alama ba sai ta yi nisa. Yaron Gatawa da ke shan kunun yau zai iya kai shekara 30 kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kumburin ciki, kuma babu wanda zai rubuta sunan Bello Turji a katinsa.