Kafin Mu Ce An Zalunci 'Ya'yanmu, Mu Saurari Bakinsu

Zuwa ga 'yan uwa Hausawan Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da duk inda muke zaune a Kudancin Kaduna. Na san wannan rubutu ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman iyayenmu na kasuwa, don haka ina neman afuwa tun yanzu. Amma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Kullum a majalisa kukanmu ɗaya ne: ana tsangwamar yaranmu a makaranta, ana ce musu baƙi, ana ce su koma Kano. Wannan gaskiya ne, ni kaina an yi mini. A Kafanchan aka haife ni, nan aka haifi babana, kakana kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo shi lokacin da garin ke tasowa a matsayin mahaɗar layin dogo. Kano sau biyu na taɓa zuwa a rayuwata, amma ina aji ɗaya a sakandare wani siniya ya tsare ni a bayan aji, ya cire hulata ya jefa a kwata, ya ce in bi ta mu koma garinmu. Har yau ban manta warin kwatar nan ba.

To amma akwai rabin labarin da ba mu faɗa a majalisa. A ajin nan namu akwai wani yaro Bajju, siriri, mai in'ina. Mu Hausawan ajin ba mu taɓa kiran sa da sunansa ba. Arne muke ce masa, ko Bakaje, alhali mun sani sarai mutanensa ba sa son sunan Kaje, Bajju suke kiran kansu, kamar yadda waɗanda muke ce wa Katafawa suke cewa su Atyap ne, Jaba kuma Ham. In ya yi Hausa mu kwaikwaye shi mu bushe da dariya. In ya sha ruwa da kofin aji, sai wani ya ɗauka ya ɗauraye shi sau uku a gabansa. Wallahi ni ma na yi. Kuma ranar da aka jefa hulata a kwata, washegari wannan yaron na huce a kansa, shi da ko wurin bai je ba.

Tambayata ita ce, a ina muka koyi wannan? Ba malamin lissafi ne ya koya mana ba. A zaure muka ji, a rumfa muka ji. Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya, citta yake saye. Shekara da shekaru yana hulɗa da manoman Kwoi da Kachia, yana ba su kuɗi tun kafin a haƙe, su kawo masa buhuna ba tare da takarda ba. Da cutar citta ta cinye gonaki a 2023, wasu ya yafe musu bashi, wasu kuma su ne suka jira shi. Wannan amana ce ta gaske. Amma da zarar an dawo gida an zauna cin tuwo, sai ka ji ana cewa arnan nan kaza, arnan nan kaza, yara na zaune suna naɗewa. Babba ya san iyakar maganarsa, gobe zai je ya gaisa da abokin cinikinsa ya tambayi iyali. Yaro ɗan shekara goma sha biyu bai san wata iyaka ba, abin da ya ji shi zai kai aji, ya ƙara da duka.

Na san amsar da za a ba ni: ai su ma suna yi mana, kuma nasu ya fi muni, ka manta 2011? Ban manta ba. Ina yaro lokacin rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, na ga tokar kasuwar Kafanchan da idona, rumfarmu na ciki. Na san abin da ya faru da mutanenmu a Zonkwa da Matsirga. Babu wanda zai koya mini wannan ciwo. Amma yaron Bajju da muke dariyar in'inarsa shekararsa goma a lokacin, me ya ƙona? Su ma a gidajensu akwai gawarwakin da suke ƙirgawa, kuma su ma suna faɗa wa yaransu irin abin da muke faɗa wa namu.

Mu tuna fa rikicin Maris 1987, wanda ya tashi daga nan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, a makaranta ya fara, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, tsakanin ɗalibai, kan wani wa'azi. Don haka duk mai cewa rigimar ɗalibai wasan yara ce, za su daina in sun girma, bai san garin da yake zaune ba. Bayan nan an yi Zangon Kataf a 1992, an yi rigimar naɗin Sarkin Jama'a a 1999. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Madalla. Sai dai dattawa ne suka sa hannu, kuma takarda ba ta shiga aji.

Abin da ya fi damuna shi ne tun bayan 2011 gari ya rabu, kowa ya koma unguwar nasa, makarantu ma suna bin sahu. Ƙanena duk abokansa Hausawa ne. Ni aƙalla na zauna benci ɗaya da wanda na zalunta, har na girma na ji kunya. Shi kuwa arne a wurinsa suna ne kawai marar fuska. Kuma bakin da ya saba da wulaƙanci ba ya tsayawa kan bare: su ne dai ke jifan almajiri, su ke tsokanar gurgu, su ke kiran ɗan Fulani ɗan daji.

Malaman Islamiyya, ku da ke zane yaro in ya kuskure harafi, me zai hana ku tsawatar in ya kira ɗan ajinsu arne? Shugabannin kasuwa, in yaron ɗayanku ya daki ɗan wani, ku daina rufa masa asiri don namu ne.

Makon jiya ƙanen nawa ya dawo yana ba da labarin yadda suka kori wani yaro Kirista daga filin ƙwallo, yana dariya. Na mare shi, wanda shi ma kuskure ne. Da dare na samu Baba na ce, Baba, maganar da yaron nan ya yi, a bakinka na fara jin ta. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, can sai ya ce in kira masa yaron, kuma gobe da safe tare za su tafi Kwoi awon citta.