ZUMUNCI A ƘAFA YAKE: KADA KASO YA RABA KA DA NAKA

Ya kai ɗan'uwa mai zaɓe, ke ma ƴar'uwa, daga Gaya zuwa Birnin Ƙonni, daga Ɗan Isa zuwa Matamaye da Magarya: tsaya ka lissafa. A unguwarku gida nawa ke da mutum a kaso? Yaushe rabon da uwarsa ta sa shi a ido?

Alƙali mutum ɗaya yake yanke ma hukunci. Amma a ƙasar nan, in an rufe mutum guda, gidansu duka ake horarwa.

Ka san yadda abin yake. Da farko sai ka yi ta yawo tsakanin jandarmomi da ƴan sanda kafin ka ji inda aka kai shi. In ba a yi masa shari'a ba, sai ka nemo takardar izinin ziyara wajen alƙalin da ke bincike, a garin da shari'ar take. Ga kuɗin mota. Ga tuwo, ga sabulu, ga magani, don abincin kaso ba ya riƙe mutum. Ka sayar da akuya, ka bar gona, ka yini a layi cikin rana, a ba ka ƴan mintoci. Wata ta koma gida da kwanon abincinta, ba ta ga mijinta ba.

Nisa ma horo ne. Daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Daga Damagaram kusan 900. Daga Diffa ya haura 1,300. Amma wanda aka zarga da ta'addanci, galibi Yamai ake kai shari'arsa, a tsare shi a Kollo ko Kutukale. Tsohuwar da ba ta da jika biyar a ɗaure a zane, ta yaya za ta je? Mu mutanen iyaka namu ya fi tsanani: uwa tana Jibiya, ƙanwa tana aure a Illela, wa yana kasuwa a Maigatari. Da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019, wahalar tasu ta ninka.

Masu mulki sun san zafin nisa, shi ya sa suke aiki da shi. A watan Nuwamba 2015 aka kama Hama Amadu, aka kai shi Filinge, kusan kilomita 180 daga Yamai, kuma daga cikin kaso ya yi takarar shugaban ƙasa a 2016. A watan Maris 2018 aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula da suka yi adawa da dokar kasafin kuɗi, aka warwatsa su gidajen kaso a wajen Yamai. Waɗannan suna da lauyoyi, duniya ta san sunansu. To ina ga ɗanka da aka kama da jarkar fetur a kan babur? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Za su ce maka ai mai laifi ne, shi ya ja ma kansa. Ka tambaye su: wane alƙali ya ce mai laifi ne? Da yawa cikin waɗanda ke kaso jiran shari'a suke. Doka ta ƙayyade tsarewar jira: wata 12 a ƙaramin laifi, wata 30 a babba. Wa ke ƙirga watannin talaka? Ko da ya yi laifin, me matarsa ta yi? Me ƴaƴansa suka yi? Kuma gobe zai fito. Wanda danginsa ba su yanke ƙafa ba, gida yake komawa. Wanda aka raba da kowa, ɓatagari ne ke jiransa a bakin ƙofa.

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin Nelson Mandela. Sun ba fursuna haƙƙin sanar da danginsa inda yake, da ziyara a kai a kai, da a ajiye shi kusa da gida gwargwadon iko. A watan Maris 2020, da korona ta zo, an saki mutum 1,540 da sa hannu guda. Ashe ana iyawa, niyya ce babu.

In kun ba jam'iyyarmu amana, ga alkawarinmu:

1. A sanar da iyali ranar da aka rufe mutum, da ranar da aka canza masa gidan kaso.
2. A ajiye fursuna a jiharsa, sai in alƙali ya rubuta dalili.
3. Takardar izinin ziyara kyauta, a karɓe ta a kotu mafi kusa da kai.
4. A liƙa ranakun ziyara a ƙofa, da Hausa da sauran harsunan ƙasa. Wanda ya nemi goro a ƙofa, a hukunta shi.
5. Wayar talho a kowane gidan kaso, ƙarƙashin sa idon hukuma, har ga dangin da ke tsallaken iyaka.
6. Wanda wa'adin tsarewarsa ya cika, a yi masa shari'a ko a sallame shi.

Ajiye wannan takarda, ka riƙe mu da ita. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarka, ka karanta masa ita, ka ji amsarsa.

Ranar 27 ga Disamba 2020, ɗauki katinka ka fito. Ka tuna da wanda ke jiran sallamarka a bayan katanga. Ka zaɓi canji!